Ɗinkin Bolatta

Yayata Bolatta ta rasu a tsakiyar sanyi, lokacin da rana ke leƙo garinmu Itilleq kaɗan ta koma. Tarin da ya ɗauke mahaifiyarmu shi ya ɗauke ta. Ƙasa ba ta haƙuwa a irin wannan lokaci, sai muka kwantar da ita a bayan coci muka jera mata duwatsu. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiran sunanta, domin sunan mamaci a wurinmu zama yake yi shiru har a haifi wanda za a ba shi. Ni abin bai yi mini wuya ba, tun ina yaro Yaya nake ce mata. Mijinta Enok ne ya rasa yadda zai yi. In da ni yake magana sai ya ce "yayarka". In da wasu ne, sai ya tsaya daidai inda sunan zai fito, ya haɗiye yawu, ya ci gaba, kowa kuma ya gane.

Da ƙanƙara ta saki teku, mata suka shiga sauya wa mazajensu fatar kayak. Duk wanda ya taɓa zama cikin wannan siririn kwalekwale ya san tsakanin cinyarsa da ruwa babu komai sai fatar puisi, wata dabbar teku mai kitse, da zaren jijiya, ruwan kuwa ba ya barin mutum ya gama addu'a. Puisin da muke cin namansa, mu kunna fitila da kitsensa, shi ne kuma ke ɗauke da mu a kan teku in za mu farauto ɗan'uwansa. Fata takan yi shekara guda, in ta yi albarka ta yi biyu. Ta Enok ta riga ta cinye biyunta, saboda bara Yaya ba ta da ƙarfin zama kan ɗinki, shi kuma ya ƙi bari wata mace ta taɓa. Wannan fatar ita ce aiki na ƙarshe da ta yi da allura.

Matata Juditta ta je ta same shi, ta ce tana da fatu a jiƙe, in ya yarda ta tara mata su gama masa a yini ɗaya. Ya yi mata godiya, ya dafa mata gahawa, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce fatar tana da sauran rai. Kafin ta taho ta bi ta inda yake ɗora kayak ɗin, ta danna babban yatsanta a cikinsa. Ta dawo gida ta zauna. Can ta ce mini wurin da ta danna bai taso ba.

Ana cikin haka wani mai kai saƙo ya iso daga kudu. Tun bai fito daga kayak ɗinsa ba ya ce Ketura, 'yar Enok tilo da ke aure a Atammik, ta sauka lafiya, mace ta haifa, kuma an sa mata suna Bolatta. A wurinmu jaririn da aka ba sunan mamaci, mamacin ne ya dawo. Shi baƙo ne, sunan ba shi da nauyi a bakinsa, haka ya faɗe shi kamar yana faɗin sunan kifi. Matan da ke bakin ruwa suka fara kuka, sai kuma suka koma dariya, suna ta maimaita sunan kamar masu ɗanɗanon abin da suka daɗe ba su ci ba. Enok yana tsaye a bayansu. Bai furta ba. Ya juya ya hau tudu, ya sauko da kayak ɗinsa ya fara shafa masa kitse.

Na bi shi. Na ce jirgin 'yan kasuwa mai inji zai bi ta kudu kafin sanyi ya dawo, ya jira shi mana. Ya ce shi ba buhun gishiri ba ne da za a loda a jirgi. Na ce to ya bari a sauya fatar, kwana nawa ne. Ya ci gaba da shafawa, yana bin dogon ɗinkin da yatsa.

"Ƙanen mata, kai kullum sai ka sa baki a abin da ya fi ka," in ji shi. "Ita ta ɗinka, ita zan kai wa ta gani. In ɗinkinta ya kai ni Atammik, na same ta a can. In bai kai ni ba, na same ta a ɗaya wurin. Ka ga ko ta ina ban yi asara ba."

Na ce malamin coci zai kira wannan kashe kai. Ya ce shi bai ɗauki wuƙa ba, bai hau dutse ya faɗo ba. Ganin jika zai tafi kamar kowane kaka, in kuma teku na da wata magana, wannan tsakaninta da Allah ne.

Na daɗe ina juya wannan magana. Mutumin da ya bar ƙofa a buɗe ya zauna yana jira, shi ya kira baƙon ko ba shi ba ne? Har na yi tunanin in je in tsaga fatar da wuƙa yadda dole a sauya ta. Na je wurin, na ɗora hannu a kan ɗinkin. Ƙanana ne a jere kamar haƙoran kifi, allura ta shiga rabin kaurin fata ta fito ba tare da ta huda ba. Hannun da ya ɗinka mini takalmina na farko ne. Na mayar da wuƙata kube.

Na gaya wa Juditta zan raka shi. Ba ta hana ni ba. Ta ɗauko rigar fatata, wadda ake ɗaure bakinta a bakin kayak don kada ruwa ya shiga, ta ƙara mata ɗinki a wuyan hannu. Ta ɗaure mini busasshen kifi da curin kitse da allura. Yaranmu uku suna wasa a ƙofa. Ta dube su, ta dube ni.

"Raka shi za ka yi, Jokum, ba bin sa ba. Ina jiran ka."

Muka tashi teku na kwance. A wannan lokaci rana ba ta faɗuwa, sai dai ta sunkuya ta taɓa bakin ruwa ta miƙe, don haka gajiya ce ke gaya mana lokacin tsayawa. Enok ya girme ni nesa ba kusa ba, amma a kan ruwa ban taɓa shan gabansa ba. Filafilin da yake tuƙi da shi ba ya ƙara, shiga yake ya fita kamar ruwan na buɗe masa. Ni kuwa ya ce ina tuƙi kamar mai dama miya a tukunyar da ba tasa ba. Na ce ai ni da ƙarfina nake tafiya, shi iska ke tura shi tunda babu sauran nama a jikinsa. Ya ce da yayata ta san haka ƙanenta zai lalace da ba ta sha wahalar goya ni ba, da dutse ta goya ya fi amfani. In ka ji mu sai ka ce masu zuwa biki ne.

Amma wasa ba ya kai yini. In tafiya ta yi nisa baki yakan mutu da kansa, kafaɗa ta daina ciwo ta koma kamar ba taka ba, ka rasa tunanin komai sai shigar filafili da fitarsa. Tsaunukan ƙanƙara suna wucewa ta gefenmu, wani lokaci ɗaya ya tsage daga nesa da ƙara kamar bindiga, tsuntsaye su tashi su sake sauka. A irin wannan shirun nakan dubi bayan Enok in ga ya miƙe, ba kamar yadda yake tafiya a gari a sunkuye ba.

Duk inda muka tsaya, kafin ya sa komai a baki sai ya kife kayak ɗin a kan dutse ya bar shi ya sha iska, ya bi shi da kitse a hankali. A nan yake ba ni labarinta, abubuwan da ni ƙanenta ban sani ba. Ashe tana tsoron teku. Shekara da shekaru tana ɗinka abin da ko da wasa ba za ta shiga ba. In ya fita farauta ba ta zuwa bakin ruwa jira kamar sauran mata, sai ta shiga gida ta juya wa taga baya ta kama aiki, in ya dawo ta yi kamar ba ta san ya fita ba. Ya nuna mini wani ɗan baƙin tabo kusa da mazauninsa, ya ce nan ne tari ya kama ta allura ta soke ta, ta yi ta faɗa wai ta ɓata masa fata. Yana faɗi yana dariya. Har lokacin bai kira sunanta ba, ko da yake an riga an saki sunan.

Wata rana muka sauka a wani kufai, gidajen duk sun rufta, ciyawa ta cika su. A bayansu akwai kaburbura, duwatsun wasu sun zame har ana ganin ƙashi. Enok ya tsuguna ya mayar da wani dutse wurinsa, ya daddanna shi. Muna cin kifi ya ce mini a gida ba inda zai sa ido bai neme ta ba: wurin fitila, bakin gado, ƙusar da take rataye wuƙarta. A kan ruwa ne kaɗai ba ya neman ta, tunda ba ta taɓa zuwa nan ba. Ya ce tun rasuwarta bai yi barcin kirki ba sai a wannan tafiya. Na ji daɗin maganar, daga baya kuma da na sake juya ta sai ta ba ni tsoro.

A Kangaamiut muka sauka gidan wani tsohon abokin farautarsa. Maza suka taru kan kayak ɗin kamar yadda aka saba yi wa na baƙo, suna yabon ƙirarsa, har wani ya kai hannu ya shafa cikinsa, sai hira ta mutu. Matar gidan ta ce tana da fatu. Enok ya yi mata godiya irin wadda ya yi wa Juditta. Da za mu tafi maigidan ya ja ni gefe, ya damƙa mini taba kawai.

Bayan an wuce Maniitsoq akwai wani babban mashigi da dole a tsallaka bakinsa, ba tsibiri ba dutse, in ka kai tsakiya gaɓar nan da ta can duk sun zama shuɗin zare. Kafin mu shiga muka huta. Enok ya gama shafa kitsensa, ya goge hannu a wando, ya zo ya zauna kusa da ni. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Jokum, in ka ga na fara yin ƙasa, kada ka matso. Ka san mai nitsewa ba shi da kunya. Zan kama kayak ɗinka ko ban so ba, mu tafi tare. Ni 'yata ta yi aure. Kai yaranka ko mashi ba su iya riƙewa ba."

Na ce ya bar wannan magana. Ya ce ba zai shiga ruwa da ni ba sai na yi masa alkawari, in kuma na ƙi, zai jira in yi barci ya tafi shi kaɗai. Na san zai iya. Na kuma san gaskiya ya faɗa, don duk garinmu ba wanda bai san gidan da aka rasa maza biyu wajen ceton ɗaya ba. Na tuna yarana a ƙofa. Na yi masa alkawari, kuma lokacin da na yi shi, har zuciyata na yi.

Rabin farko lafiya lau. Sai iska ta fara gangarowa daga cikin mashigin, tana koro ƙananan gutsattsarin ƙanƙara, irin masu haske da ba a gani sai an zo kansu. Ina ta faman kauce musu, can na ɗaga kai ban ga bayan Enok a gabana ba. Na waiwaya. Yana baya da nisa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ɗora filafilinsa a gicciye, hannuwansa a kai, yana kallon tsaunuka. Hancin kayak ɗinsa ya yi ƙasa, ruwa na wanke samansa.

Na juya. Da na kusa ya ɗaga mini hannu in tsaya, na tsaya. Fuskarsa a sake take, ban ga tsoro ba, ban ga murna ba. Ya ce ƙanƙara ce ta tsaga masa fata ta ƙasa, ruwa ya rufe masa ƙafafu. Ya ce in gaya wa Ketura ya taho, hanya ce ba ta kai ba. Ya ce in tafi, ba kyau mutum ya tsaya kallo.

Na zauna a wurin riƙe da alkawarina, taguwar ruwa na ɗaga ni tana sauke ni. Na duba na ga ba zan iya jan sa da ƙarfi ba, ya fi ni sanin ruwa, in na kama shi zai zame. Lallashi kuwa an yi an gaji tun daga Itilleq. Abu ɗaya ya rage a hannuna wanda ba zai iya kawar da kai daga gare shi ba, shi ne ni kaina.

Na tuƙa na manna kayak ɗina da nasa, na zura filafilina ƙarƙashin maɗauran samansa da nawa yadda biyun suka zama ɗaya. Sannan na kwance bakin rigata daga bakin kayak. Muddin rigar tana ɗaure, ko mutum ya kife zai iya murɗawa ya taso, tun muna yara muke koyon haka. In ta kwance kuwa kifewa ɗaya ce, ruwa ya cika, kuma a garinmu ba wanda ya iya iyo. Na jingina nauyina duka a kan kayak ɗinsa.

"To, mijin Yaya. Ture ni."

Ya dubi bakin rigar, ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ɗaure rigarka."

"Sai ka toshe tsagar."

"Ka yi mini alkawari, Jokum."

"Na yi. Ga kitse nan, karɓi."

Wata taguwa ta zo ta zubo mini a cinya, sanyin ya sa na yi wata ƙara da ban yi niyya ba. Ina jin wannan ƙarar ce ta yi aikin da maganata ba ta yi ba. Ya zage ni, zagin da ya haɗa har da kakannina, waɗanda su ne kakannin matarsa. Ya fizge curin kitsen, ya kwance tasa rigar, ya tura hannu cikin ruwan har kafaɗa yana laluben tsagar. Da ya same ta ya cusa kitsen ya danne da dunduniya. Na miƙa masa gwangwanin shan ruwana ya shiga kwalfewa, ni kuma ina riƙe da mu duka biyu.

Da kayak ɗin ya taso ya ce in ɗaure mu tafi. Na zare filafilina, amma na ce rigar ba zan ɗaure ba sai mun taɓa dutse. Na san shi, in na ɗaure zai iya ɗaga dunduniyarsa ba tare da na gani ba. Ya zagaya ya koma ta ɓangaren iska, ya sa kayak ɗinsa tsakanina da taguwar ruwa yana karya ta kafin ta iso ni. Haka muka tsallaka, shi da ƙafa ɗaya a kan rami, yana tsare ni kamar agwagwar ruwa da ɗanta, yana gaya mini lokacin da zan karkata, yana ce mini sakarai duk sanda ruwa ya shigo mini.

Da muka kai gaɓa bai iya fita ba, ƙafafunsa sun mutu. Na ciro shi kamar yaro, na cire masa takalma, na ɗaga rigata na ɗora tafin ƙafafunsa a kan cikina. Muka zauna haka, ni ina rawar sanyi, shi yana kallon gefe. Da jini ya fara komawa zafin ya sa shi cije leɓe. Sannan ya yi magana, a hankali.

"Ka san abin da ka yi? Ka ɗauki Juditta da yara ka ɗora a kan ruɓaɓɓiyar fatata, ba ka tambaye su ba. Ni kaina kawai na sa. Kai gida guda ka sa. Tsakanina da kai wa ya fi laifi?"

Har yanzu in na ga Juditta tana raba wa yara abinci nakan ji tambayar. Na karya alkawarin da na yi da zuciya ɗaya, na yi caca da abin da ba nawa kaɗai ba ne, na kuma tilasta wa mutum rayuwar da bai roƙe ni ba. Duk wannan gaskiya ne. Kuma da za a mayar da ni tsakiyar mashigin, ban ga yadda hannuna zai yi wani abu dabam ba. Na kasa sa biyun nan su zauna wuri ɗaya, sai na bar su haka.

Da ya iya tsayawa muka kife kayak ɗin. Tsagar ta kai tsawon tafin hannu, kusa da ɗinkin amma ba a kansa ba. Ya bi ɗinkin da yatsa daga hanci har wutsiya, ko zare ɗaya bai saki ba. Fatar ce ta gaji. Ni na yanko faci daga jakar fatata na ɗinka da allurar Juditta, ɗinkin namiji, manya-manya a karkace, a gefen nata. Ya leƙo ya gani, ya ce in mai aikin ta ga wannan za ta cire ni daga dangi. Daga nan bai ƙara yi mini magana ba har Atammik. Muka riƙa bin gaɓa kurkusa, kuma na lura yanzu tun ruwa bai taru ba yake tsayawa ya kwalfe.

Yara suka hango mu suka kai labari, garin ya gangaro bakin ruwa. Ketura ta zo da goyo cikin hular rigarta. Ta rungume ubanta, ta gaishe ni, sannan idonta ya faɗa kan kayak ɗin. A hannun uwarta ta koyi ɗinki, ba ta bukatar a gaya mata aikin wane ne, ko tun yaushe yake. Ta ga facin. Ta dube ni.

"Kawu, a wannan kuka taho?"

Na ce a wannan. Ba ta ƙara tambaya ba, amma hannunta ya koma baya ya dafe goyon.

A gida aka dafa gahawa, maƙwabta suka cika ɗaki, wasu na shiga wasu na fita. Ketura ta kwanto jaririyar, ta goge mata baki, ta tsaya gaban Enok.

"Baba, ga Inna, ta gaji da jira."

Haka take kiran ta tunda sunan uwarta ne a kanta, ni ma Yaya zan ce mata har in mutu. 'Yar mitsitsiya ce, gashi a tsaye, ta tamke fuska kamar wadda aka tasa daga barci don maganar banza. Enok ya karɓe ta da hannuwan da filafili ya farfasa. Ya zuba mata ido.

"Bolatta," in ji shi. Ya sake faɗa, a hankali, kamar mai gwada ƙanƙara da ƙafa kafin ya taka. Sannan ya karkata ta yadda za ta fuskance ni. "Kin ga ƙanen nan naki? Ba ya jin magana. Tun da kika tafi ba mai tsawata masa. Ya yi mini alkawari ya karya a tsakiyar ruwa, kuma ki je ki ga abin da ya ɗinka kusa da aikinki."

Mutane suka yi dariya, don ba su san abin da yake nufi ba. Ketura ba ta yi ba. Jaririyar ta yi atishawa a fuskarsa ta lumshe ido. Ya ce haka take dama, in ba ta son shari'a sai ta yi barci.

Da baƙi suka watse Ketura ta yi masa magana a gabana. Ta ce mijinta yana da fatu, mata kuma suna nan. Ta ce ba za ta taɓa kayak ɗin ba sai da izininsa, domin nasa ne kuma aikin uwarta ne. Amma in ya san a wannan fatar zai koma, to ya tafi tun yanzu, kada ya bari yarinya ta saba da hannunsa. Ba ta ɗaga murya ba. Enok ya sunkuyar da kai, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Kwanaki suka wuce a haka. Ba ya zuwa bakin ruwa. Yini yake a zaune da jaririyar a cinya yana ba ta labarin Itilleq: wanda ya kama me, wanda ya yi faɗa da matarsa, da cewa rufin ɗakinsu ya fara yoyo daidai inda ta ce zai yi. Ni hankalina ya koma gida, sai dai ban sani ba ko ni kaɗai zan koma. Rannan da safe ya tashi ya je inda surukinsa ya ajiye fatun, ya ɗaga wannan ya shinshina, ya ja waccan. Ya ce biyu daga ciki na tsohon puisi ne, ba za su yi ba, a nemo wasu. Ketura na jin haka ta aika a kira mata.

Ranar da za a yanke tsohuwar fatar ya ɗauki jaririyar ya ce da ita su je su zaga bayan tudu, akwai furanni a can. Ba su dawo ba sai da katakon kayak ɗin ya tsaya tsirara. Ketura ta naɗe tsohuwar ta tura ƙarƙashin gado, shi kuma bai tambaya ba. Amma da mata suka ja sabuwar fata suka zauna ɗinki, sai ga shi tsaye a kansu, wai wannan ta matse da yawa, waccan zarenta ya yi kauri, ba haka ake riƙe allura a Itilleq ba. Wata tsohuwa ta ce in ya iya ga allura ya zauna, in bai iya ba ya fita kafin ta ɗinke masa baki. Suka kore shi da goyonsa.

Ina zaune kan wani dutse a bakin ruwa ya zo ya zauna kusa da ni, jaririyar cikin rigarsa, kanta kawai a waje.

"Ban yafe maka ba tukuna," in ji shi.

Na ce na sani.

"Wataƙila a hanyar komawa. Hanyar da tsawo." Ya gyara mata hula. "Matsa can, ƙanen mata, kana tare mata rana."

Na matsa.